Rasuwar Tabaraun da Ya San Ban Iya Karatu Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar dama mai cike da laifi, ni Iliyasu Habibullah, wanda aka fi sani da Ilu Mai Hatimi, dillalin shanu a karar Maigatari, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a na Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, har da na tsallaken iyaka, rasuwar abokinmu Malam Tabarau, wanda mutanen Damagaram ke kira Luneti. Ya cika ranar Asabar da hantsi, a kan teburin Kingsley mai gyaran waya a kasuwar Gumel, bayan jinyar kwana tara. Ya yi wata bakwai a cikinmu. Shekarunsa na haihuwa ba mu sani ba, don a kwali ya zo.

Na so in buɗe da addu'ar da aka saba, sai Liman ya ce in kiyaye, roba da gilashi ba su da hisabi. Na ji, na bi. Amma baƙin cikin nawa ne, kuma Liman bai hana shi ba.

Wanda bai san marigayin ba, kada ya ɗauka irin tabaraun nan ne da 'yan acaɓa ke sawa saboda ƙwari, ko na tsofaffi mai igiya a wuya. Shi ba ya ƙara wa mutum gani ko kaɗan. Aikinsa kallon mai kallo. Yana da ƙananan idanu huɗu a ciki, kowanne bai wuce ƙwayar dawa ba, biyu-biyu suna leƙen idon wanda ya saka shi, da wani guda a tsakiyar goshi mai duban gaba. Kana karatu a kwamfuta, shi yana bin idonka: ina ya sauka, ya daɗe ko bai daɗe ba, sau nawa ya koma baya, sau nawa ka ƙifta, baƙin tsakiyar idon nan ya buɗe ko ya tsuke. Duk sai ya tara a wani ɗan akwati da ake sa maka a aljihu, ya kai wa malamarmu, Malama Dinah.

Ga yadda aka yi ya zo mana. Kowa ya san ba a sayar da dabba a kararmu sai da takardar shaida: sunan mai sayarwa, garinsu, launin dabbar, lambar da aka ƙona a jikinta, da wanda ya tsaya masa. Sai mai hatimi ya duba ya buga, sannan dabba ta hau mota. Wannan shi ne maganin ɓarawon shanu. To bara ƙungiyarmu ta dillalai ta yanke cewa takardun nan za su fara komawa cikin waya, kuma duk mai riƙe da hatimi, da mai son riƙewa, sai ya yi wani kwas a kwamfuta. Haka mu ashirin da uku muka riƙa cika mota Litinin da Talata muna zuwa ajin manya a Gumel, masu furfura da masu tumbi, muna zama a kujerun da ba don mu aka ƙera su ba.

Malama Dinah ce ke kula da ajin. 'Yar Filato ce, ma'aikaciya, shekararta goma sha shida a Gumel, Hausarta ta fi ta wasu da aka yanke wa cibi a nan. Ban da koyarwar, tana wani bincike: tana son ta san nauyin da darasin kwamfuta ke ɗora wa kan mai koyo. Don haka shugabanninta suka aiko mata da marigayi.

Ranar farko ta yi mana bayani da Hausar ofis. Ba wanda ya gane, kowa ya ce ya gane. Daga baya ni na mayar da maganar Hausar kara, ta ce haka ne. Kan mutum kamar tirela ne. Akwai nauyin shanun da aka ɗauko motar dominsu. Wannan dole ne, shi ne karatun kansa. Akwai yashi da ciyawar da ake shimfiɗawa don kada shanun su zame. Nauyi ne, amma mai amfani. Sai kuma 'yan a-rage-mini-hanya da ke ɗarewa sama da buhunansu, ba ruwansu da tafiyar, kuma su ne ke sa mota ta kasa hawa tudu. Aikin marigayi shi ne ya gano lokacin da mota ta fara nishi, ya kuma nuna mai laifi, shanun ne ko 'yan saman.

Halayensa na kirki suna da yawa, amma babbansu shi ne bai taɓa tambayar kowa ko ya gane ba. Mu a nan, in malami ya ce kun gane, sai a ce mun gane, don ladabi, ko da kuwa maganar ta bi ta saman hula. Marigayi ba ya tambayar baki. Ido yake tambaya, ido kuwa bai san ladabi ba. Bai san Alhaji ba, bai san mai sarauta ba. Shugabanmu Alhaji Bilal ya taɓa gyaɗa kai na minti goma yana cewa madalla, madalla, marigayi ya nuna idonsa tun minti na biyu yana kan agogon bango. Bai yi masa gori ba, bai yi dariya ba. Ya dai ajiye shaida ya yi shiru.

Ba mai yawan magana ba ne. Maganarsa uku ce, ta bakin kwamfuta yake yin ta, kuma har yanzu ina jin su. In ka saka shi sai ya ce, "Dubi ɗigon. Kada ka motsa kai." Sai wani ɗigo ya riƙa yawo a gilashi kana bin sa kamar kaza da fara. In ya kama idonka ya ce, "Tin!" In ya ɓace masa ya ce, "Tut-tut. Tut-tut," da irin muryar mai neman akuyarsa.

Abu guda ne bai jure ba a rayuwarsa, shi ne kwalli. Malam Siddiq na Gagarawa, wanda tun da ya yi aure ba a taɓa ganin idonsa ba kwalli ba, ya saka marigayi, marigayi ya rasa wanne ne baƙin ido wanne ne baƙin ado. "Tut-tut. Tut-tut." Sau shida. Dole Malam Siddiq ya fita da buta ya wanke. Da ya dawo ba mu gane shi ba, fuskar kamar ɗakin da aka cire wa ƙofa. Ya yi rantsuwa ba zai ƙara zuwa ba. Talata shi ya fara isowa.

Babban aikin da ya yi wa al'umma shi ne korar saniya. Waɗanda suka haɗa darasin, can inda suke, sun sa wata saniyar zane a gefen gilashi, tana kaɗa wutsiya tana murmushi, wai don karatu ya yi mana daɗi. Mako uku ana darasi ba ya shiga, har an fara cewa dillalai kan dutse gare su. Sai Malama ta buɗe taswirar da marigayi ke zanawa, mai nuna ja a inda ido ya daɗe, kore a inda ya wuce. Rubutu kore shar, kamar ba a taɓa taka shi ba. Saniya kuwa ja wur tun daga ƙaho har kofato. To me ake so mu yi? An kawo wa dillali dabba mai ƙahon Rahaji, da tozon Bokolo, da launin Bunaji, ƙafar baya ta fi ta gaba tsawo, sannan a ce kada ya duba? Kowa a zuciyarsa yana lissafin uban wa ya haifi wannan. Malama ta rubuta, aka cire saniya, aka cire kiɗan da ke bin ta. Mako na gaba darasi ya shiga kamar ruwa a yashi. Marigayi ne ya wanke mu daga sunan daƙiƙai. 'Yan saman ne suka yi yawa, ba motar ce ta lalace ba.

Yanzu sai tawa maganar. Ban iya kwana-kwana ba, don haka ga ta.

Shekara goma sha huɗu ina riƙe da hatimin ƙungiya. A cikinsu ban taɓa karanta takarda guda daga farkonta zuwa ƙarshenta ba. Na faɗa, kowa ya ji. Aji biyu na yi a firamare mahaifina ya ja ni kara. Haruffa na san su ɗai-ɗai, kamar yadda ka san mutanen ƙauye da fuska, amma in suka taru suka yi sahu sai su rikice mini. Yadda nake yi shi ne in riƙe takarda daidai ƙirji, in ɗaure fuska, idona a kan dabba da mai dabba. In tambaye shi garinsu, in tambaye shi wa ya ƙona lambar nan, in ga ko zai haɗiye yawu. Na san lambar kowane gida daga nan har bayan Magarya. A haka na kama satattun shanu bakwai, ban taɓa buga wa ko guda hatimi ba. Wannan kuma duk mai musu ya fito.

Ba wanda ya taɓa gano ni, saboda abu na farko da mahaifina ya koya mini a kara shi ne kada ka kalli san da kake so. Ka kalli na kusa da shi, ka kalli sama, ka kalli takalminka. In mai dabba ya ga inda idonka ya kwanta, ka gama. Shekara talatin da biyar ina ɓoye idona, daga Buzaye har Fulani har 'yan kudu masu wayon tsiya, ba wanda ya karanta shi.

Ranar da na fara saka marigayi, taswirata ta fito ba ja ko ɗigo. Layi ne kawai ya yi ta yawo, sama, ƙasa, gefe, kamar sawun akuya a bakin rijiya. Malama ta ɗauka ya lalace, ta kashe ta kunna har sau uku. Ni kuwa ina ta murna a ciki, na ce wannan ma na yi masa dillanci. Ashe akwai wajen da ban iya ɓoyewa ba. Baƙin tsakiyar ido ba ya jin umarnin mai shi. Duk sanda murya ke bayani, nawa yana nan lafiya lau. Da zarar rubutu ya fito shi kaɗai, sai ya buɗe kamar na mutumin da ya yi kiciɓis da bijimi a lungu. Sau goma rubutu ya fito, sau goma ya buɗe.

Malama ta jira har kowa ya fita sallar azahar, ta rufe kwamfutar rabi, ta tambaye ni a hankali aji nawa na yi. Na ce ina ruwanta. Na cire marigayi na ajiye da ƙarfi, na kira shi munafuki, ɗan sa ido, na fita. Allah ya sani na zage shi, kuma yau ina janye zagin a gaban jama'a. Mako biyu ban koma ba. Abin da ya mayar da ni shi ne labarin da na ji cewa Zayyad, ɗan aminina marigayi Aminullahi, mai difloma, wanda shi ma yana ajin, ya fara tambayar inda ake sayen tawadar hatimi.

Da na koma, ba ta tuna mini komai ba, shi ma haka. "Dubi ɗigon. Kada ka motsa kai." Kamar ba a taɓa yi ba. Sai suka haɗa kai su biyun suka yi mini irin horon san noma, wanda ba a ɗora masa garma ranar farko. Layi ɗaya, manyan haruffa, murya tana tafe da shi. In marigayi ya ce nauyi ya sauka, sai ta cire muryar. In ya ce har yanzu lafiya, ta ƙara layi na biyu. In ya ce mota ta fara nishi, ta rage, ba tare da ta tambaye ni ba, don ta san in ta tambaya zan ce a ƙara. Shi ne ma ya gano idona daga dama yake fara layi, yadda na saba a allo, sannan ya yi tsalle ya koma hagu, aiki biyu ke nan a kan kowane layi. Ta sa mini ɗan koren ɗigo a hagu. Ƙaramin abu, amma kamar an sauke mini buhu.

Wata biyar muna haka, bayan an tashi aji, ina ce wa mutane na tsaya gyaran kujeru. Wata Talata rubutu ya fito, babu murya, babu hoto: baƙar karsana mai guntun wutsiya, daga Sule Tankarkar. Na karanta. Malama ta juyo mini da kwamfuta, layin idona yana kwance kamar titin Gumel. Na fita na tsaya bayan aji na ɗan lokaci, saboda wani abu ya faɗa mini a ido.

Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya ji, daga bakinsa ko daga nata. Ina da abokai na shekara arba'in da ba za su riƙe wannan sirri daga la'asar zuwa magariba ba. Mai ɗakina Hannatu ce kawai, da na gaya mata kwanan nan, ta ce ita ai ta sani tun shekara ashirin, ta yi shiru ne don ban tambaye ta ba. Ta ci gaba da tankaɗe.

Ajalin marigayi kuwa taurin kaina ne ya jawo shi. An gama kwas, an ba mu satifiket, nawa yana cikin leda a ƙarƙashin katifa. Amma raina bai kwanta ba. Na ce karatu a ɗaki mai fanka, kowa ya yi tsit, ba shi ne karatu a kara ba, inda tirela ke gurnani, raƙumi na kuka, mutum biyar na jan rigarka. Na ce a auna ni inda nake aiki. Malama ta ƙi. Ta ce rana tana makantar da marigayi, kuma ba nata ba ne, amana ce. Na ce to. Na je na zauna a ƙofar ofishinta kwana uku, ina gaishe ta in ta shiga, ina gaishe ta in ta fito. Rana ta uku ta ce ita ba ta taɓa ganin mutum irina ba, ko a Filato da suke da duwatsu. Ta yarda bisa sharaɗi: minti goma, a ƙarƙashin rumfa, kuma ita da kanta za ta kawo shi ta mayar.

Ranar Alhamis, ranar kasuwa, ta zo da malafa da jaka. Ta saka mini shi a rumfa. "Dubi ɗigon." Na duba. "Tin!" Ga wani mutumin Damagaram can da jan bijimi da takardarsa, na kira shi ya ƙi zuwa, wai ba ya barin dabbarsa. Sai na karya sharaɗi, na fita rana. "Tut-tut," in ji marigayi daga jakar Malama. Na kare shi da tafin hannu. "Tin!" Na karɓi takarda. Layi na farko. Layi na biyu. Layi na uku. Ina shiga na huɗu sai ihu ya tashi: wani bijimin Rahaji, ba na mutumin Damagaram ba, ya tsinke igiya, ya sunkuyar da kai, ya nufi daidai inda Malama ke tsaye rungume da jaka. Na yar da takarda na cafki igiyar. Ya ja ni, na ja shi. Gumi ya zamar da marigayi daga hancina. Na ji ƙaras.

Ana ta yaɗawa wai Rahajin ne ya taka shi. Ƙarya ne. Bijimin yana taku huɗu daga wurin. Ƙafata ce ta dama, cikin takalmin taya. An riga an loda bijimin nan zuwa kudu, kada ya tafi da zargin da ba nasa ba. Ɗan akwatin aljihun ma ni na faɗa a kansa lokacin da aka ja ni a ƙasa.

Muka garzaya da shi Gumel, Malama tana riƙe da shi a cikin gyale. Kingsley ya duba ya ce, Oga Ilu, wannan ba irin majinyatansa ba ne, amma zai gwada. Kuma ya gwada, ina shaida. Idanun hagu biyu sun tafi tun a kara. Kwana na huɗu aka haɗa shi da kwamfuta, ya ce, "Dubi ɗi..." ya tsaya. Muka yi ta murna, na sayo wa Kingsley tsire. Kwana na shida ya koma "tut-tut" ba ƙaƙƙautawa, ko an saka shi ko ba a saka ba, yana neman idon da ba ya nan. Ranar Asabar jikinsa ya yi zafi, wani ƙauri ya tashi, ya yi ƙara guda doguwa siririya, "tiiiii," sai shiru. Kingsley ya ajiye ƙarfen walda ya cire hularsa. Ni ma na cire tawa, sannan na tuna mu ba ma haka, na mayar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya tafi da shi. Layi ukun nan na kara suna cikin ɗan akwatin da ya fashe, Kingsley ya ce ba mai fito da su. Ni kuma ban sani ba, karanta su na yi, ko kuwa tsohon halina ne ya dawo? Jan bijimin yana tsaye a gabana. Launinsa ina gani, lambarsa na santa, garin mai shi na ji a harshensa. Ta yiwu idona ya bi rubutun, ta yiwu a jikin dabbar na karanta kamar yadda na yi shekara goma sha huɗu. Shi kaɗai ya ga inda idona ya bi, kuma ya yi shiru na har abada.

Marigayi ya rasu ya bar kwamfuta guda, wadda har yau in an kunna ta sai ta tambaya ina yake. Da caja mai baki uku. Da igiya doguwa da gajeriya. Da 'yar ƙyallen goge fuska, wadda ba ta san wani aiki ba sai hidimarsa. Da akwatin kwanansa mai soso a ciki. Ya bar ɗalibai ashirin da uku. Ya bar saniyar zane, wadda ba mu san inda take kiwo yanzu ba, kuma ba ma nema. Ya bar Malama Dinah da bincike rabi, da shugabanni masu jiran bayani. A kan wannan ina so a ji ni da kyau: ba ta da laifi. Ta hana, na nace. Ta ce rumfa, na fita rana. Duk mai tambaya kada ya wahalar da ita, ya hau mota ya zo Maigatari ya ce ina Ilu, ko akuya za ta nuna masa ni. Tun daga wannan rana, gaisuwa kawai ke haɗa mu, ta ce ina kwana Malam Ilu, ta wuce. Na cancanta.

Muna godiya ga waɗanda suka zo ta'aziyya. Malam Siddiq ya zo tun daga Gagarawa da kwalli har kusa da kunne, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, amma fuskarsa ba ta nuna yana buƙatar haƙurin ba. Alhaji Bilal ya ce mutumin kirki ne, sai dai ya cika bin diddigi. Mutumin Damagaram ya aiko a tambaya ko har yanzu ina son jan bijimin. Zayyad ma ya zo, ya durƙusa, ya ce Baba ya haƙuri, da fuska a gyare. Daga nan ya wuce wajen mai shayi ya ce wai dama tabaraun ne ke raɗa wa Baba Ilu amsa a kunne, da shi aka ci satifiket, yanzu da ya mutu sai a gani. Mai shayin ƙanen Hannatu ne, kafin shayinsa ya huce maganar ta iso ni. Ban ji haushi ba. Ɗan aminina ne, kuma yana karatu kamar ruwa. Har yanzu dai in ka buɗe masa bakin bijimi ba zai gaya maka shekarunsa ba, amma wannan ana koyo, kamar yadda na gano ana koyon wancan.

Kada wani ya ce ai ga shi ya rubuta sanarwa mai tsawo, magana ta ƙare. Da baki na faɗa, Charity mai buga takardu a Gumel ta buga, ni kuma na bi ta da yatsa kwana huɗu har na kama ta da kuskure biyu. Amma wannan ba shaida ba ce, tunda ni na faɗi maganar. Na san dabbar kafin in ga takardar.

Ga yadda jana'iza za ta kasance. An jinkirta ta saɓanin al'ada, don gawar ba ta wari, kuma sai da na gama bin sanarwar da yatsa. Za a taru ranar Laraba mai zuwa bayan sallar la'asar, a rumfar ƙungiya da ke karar Maigatari, lokacin da motocin shanu ke shigowa. Babu wanka, don ko yana raye ba ya shiri da ruwa. Babu salla, Liman ya riga ya yi magana. Babu binnewa, don Malama ta ce gawar ta shugabanninta ce, sai sun gani da idonsu. Za a kwantar da shi a akwatinsa a buɗe, kowa ya wuce ya gani, sannan a rufe a sa shi a motar Gumel, kujerar gaba, shi kaɗai, kada direba ya haɗa shi da kowa. Hannatu za ta dama fura. Masu kwalli su zo da abinsu.

Kafin a rufe akwatin akwai abu guda. Zan ajiye hatimi a hannun Alhaji Bilal. Zayyad ya zo da takardun shaida uku, a takarda ko a waya, duk wanda ya ga dama, na dabbobin Gagarawa ko Sule Tankarkar waɗanda ban taɓa gani ba. A bar dabbobin a gida, a bar masu su a gida. Kada a kashe motoci, kada a ce wa kowa ya yi shiru. Zan tsaya a rana, ido tsirara, in karanta da ƙarfi yadda na bayan rumfa zai ji. In na yi tuntuɓe a jira ni, kada wani mai tausayi ya raɗa mini. In na kai ƙarshen ta uku, hatimi ya dawo aljihuna, maganar wajen mai shayi ta mutu tare da marigayi. In na kasa, Zayyad ya karɓa a nan take a gaban kowa, ni kuma Alhamis in tsaya a bayansa in nuna masa haƙoran shanu, don kada ɓarayi su ci shi da rubutu mai kyau.

Ina roƙon Malama Dinah ta zo, ko ba za ta yi mini magana ba. Ta tsaya cikin rumfa, nesa da igiyoyi, daidai inda za ta ga idona. Ta zauna da marigayi wata bakwai, ta san abin da ake dubawa.

A zo da wuri. Ina karatu a hankali, kuma ina so a gama kafin magariba.